Ramukan Malam a Bayan Gidanmu na Nguroje

Wanda bai taɓa zama inda ake noman kofi ba yakan ɗauka abin da bishiyar ke bayarwa shi ne ƙwayar nan da ake soyawa a niƙa. Alhali ƙwayar ita ce ƙaramin kaso. 'Ya'yan kofi idan sun nuna jajawur suke, kowanne da fata, da nama mai ɗan zaƙi da yauƙi, sannan wani siririn ɓawo, sai ƙwaya biyu a ciki suna fuskantar juna. Sai an tsinko kilo 5 zuwa 6 na jajayen 'ya'yan kafin a sami kilo 1 na busasshiyar ƙwayar da za a ɗora a sikeli. Fata da nama kaɗai sun kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin ɗanyen kofi. Ƙwaya takan hau mota ta tafi, wannan kuwa a ƙauye yake zama, ba mai saye, kuma dole a san inda za a kai shi.

A kan tsaunin Mambila na tashi, a garin Nguroje, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, lokacin muna cikin jihar Gongola, tun ba a yanke Taraba ba. Fataucin goro da atamfa ne ya hau da Baba tsaunin, a zamanin da Landiroba kaɗai ke iya hanyar da ta taso daga Serti ta bi ta Mayo Selbe ta hau Maisamari. Da ya zauna ya yi iyali, sai ya shiga sayen kofi a hannun manoma yana tarawa. Ƙasa ce mai tsayin sama da mita 1,500, mai ciyawa da jar ƙasa da hazo, inda yaro ke tafiya makarantar allo da suwaita, a kasuwa a yi Fulatanci, a gida mu yi Hausa. Irin kofin da ake kira Arabika, mai son sanyi da tudu, shi ake nomawa a can, kuma cibiyar binciken koko ta Ibadan tana da reshe a Kusuku, ba nisa da mu, inda ake aikin kofi da ganyen shayi.

Kaka a wurinmu kakar kofi ce. Daga ɗaukewar ruwa wajajen Oktoba har zuwa farkon sabuwar shekara, mata da yara na shigowa da kwanduna cike da jajayen 'ya'ya. Baba yana da injin ɓare kofi na hannu a bayan gida, mai mariƙin ƙarfe da ake juyawa, mu yara muna karɓa-karɓa har kafaɗa ta riƙe. Ƙwaya ta faɗa baho ta gefe guda, fata da nama su zubo ta ɗaya gefen. Ƙwayar akan bar ta ta kwana ɗaya ko biyu a jiƙe don yauƙin ya saki, a wanke, a shanya a kan gadon kara. Ɓawon kuma, wato fatar da naman nan, sai a kwashe a baro a tura shi gangare, ya tsaya inda ya tsaya, ruwan wankin ya bi shi har ƙorama. Haka kowa ke yi. Kwana kaɗan tulin zai yi baƙi, ya fara wani tsami mai hawa kai, ƙudaje su rufe shi. Matan da ke wanki a ƙasan ƙoramar suna ƙorafin ruwa ya yi duhu yana wari, makiyaya suna cewa shanu sun ƙi sha. Sai a ba su haƙuri, a ce ai kaka ce, za ta wuce.

Ana cikin haka Baba ya ɗauko mahaifinsa daga ƙauyenmu na asali a gabashin Kano, wajen Gezawa, bayan rasuwar kakarmu. Malam muke ce masa. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kora jakuna birni da rani, ya kai itace da kara, ya dawo da mangala cike da shara da kashin dabbobi da tokar gidaje, ya jibge su tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Da wannan ne gonakin kewayen Kano suke ba da gero da dawa da gyaɗa shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Mutumin da ya tashi a haka, idonsa ba ya wuce juji. Da ya sami ƙarfin zagaya gida bayan gajiyar hanya, ya tsaya a bakin gangaren nan ya daɗe yana kallo, sannan ya kira Baba. Da yake Baba ɗan fari ne, bai taɓa kama sunansa ba.

"Kai, zo nan. Wannan na wane ne?"

"Ɓawon kofi ne, Malam. Ba shi da amfani, zubarwa ake yi."

"Ikon Allah! A Kano da kuɗinmu muke sayen shara, nan kuwa ana tura taki rafi."

Bai jira komai ba. Ya sa mu kwaso ɗanyen ɓawon, ya baza shi a kan fangalin da Inna ta yayyafa irin kabeji da tumatir, ya ƙara da na gindin wake. Cikin 'yan kwanaki tsiron ya yi rawaya, ya kwanta, wanda bai fito ba kuma bai ƙara fitowa ba. Inna ba ta ce komai ba, surukinta ne, amma duk gidan an san ranta ya ɓaci. Malam ya zauna a gefen fangalin yana murza ƙasar a hannu yana shanshanawa. Bai ce abin ba taki ba ne. Cewa ya yi akwai abin da bai sani ba game da shi, kuma akwai wanda ya sani.

Wanda ya sani ɗin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Mambila, cikin masu kawo wa Baba kofi, wanda amincinsu ya sa muke ce masa Kawu. Hausarsa gauraye take da Fulatanci, Malam kuma ba ya jin Fulatanci ko kaɗan, amma na ga sun yini a gona suna fahimtar juna da hannu da fartanya. Kawu ya duƙa ya dumbuzi ɓawon ya ce, "Malam, wannan abu da wuta a cikinsa. Sai wutar ta mutu tukuna." Ya kai shi gonarsa ya nuna masa gindin ayaba, inda ya zuba ɓawon bara ya bar shi, ya tona ya fito da baƙar ƙasa mai laushi cike da tana. Ya kuma nuna masa wani abin da Malam bai taɓa gani ba: gona guda an shuke ta da majimfa, wadda mu a Hausa muka sani da kashe kifi kawai. Mutanen Mambila, da suke kiranta yom, tun kaka da kakanni suke shuka ta a gonar da ta gaji, su bar ta ta yi shekaru, ganyenta na zuba, saiwarta na gyara ƙasa, sannan su sare su noma masara. Malam ya dawo gida yana ta maimaita cewa ashe kowace ƙasa da malamanta.

Daga baya, da na yi karatu, na gane wutar da Kawu yake nufi ba guda ɗaya ba ce. Ɗanyen ɓawon kofi yana da tsami, yana ɗauke da kafeyin da tanin, waɗanda ke hana iri tsirowa su kuma takura saiwar ƙaramin tsiro. Yana da zaƙi da ruwa da yawa, don haka da an tara shi sai ya fara ruɓa da gaggawa, ya yi zafi, ya cunkushe ya hana iska shiga. Ƙananan halittun da ke cinye shi kuma kan ja abincin da ke cikin ƙasa su riƙe na ɗan lokaci, shuka ta rasa. Amma a cikin wannan ɓawon ne bishiya ta zuba kaso mai yawa na fotasiyam ɗin da ta tsotso daga ƙasa, tare da naitirojin gwargwado. Duk baron da aka tura ƙorama, ƙarfin gonar wani ne ya tafi.

Abin da tsofaffin nan biyu suka haɗa a kakar da ta biyo baya shi ne abin da na fi tunawa a duk ƙuruciyata. Malam ya sa aka haƙa ramuka uku a jere a bayan ɗakin girki, nesa da gangaren, kowanne bai wuce gwiwa ba a zurfi, don ya ce rami mai zurfi a ƙasar ruwa rijiya ne. A ƙasa ya shimfiɗa karan masara don iska. Sai ɓawon kofi kamar taƙi ɗaya, bayan an bar shi ya tsane na kwana biyu. Sai kashin shanu, wanda muke ɗaukowa daga rugar da ke bayan tudu, Baba yana ba su gishiri da kanwa a madadi. Sai ganyen majimfa da Kawu ke aiko wa da shi dami-dami. Sai toka daga murhun Inna, a barbaɗa sama-sama, ita ce mai kashe tsamin. Sai 'yar ƙasa kaɗan. A sake komawa kan kara, a yi ta hawa-hawa har tulin ya kai ƙugu, a lulluɓe da ganyen ayaba. A kan ramukan kuma ya kafa rumfar ciyawa, don ruwan Mambila idan ya sauka a kan taki, wanke amfaninsa yake yi ya bar maka tuƙa.

A tsakiyar kowane tuli Malam yana da sandar da ya caka har ƙasa. Bayan sallar asuba, kafin mu ɗauki allo, yakan riƙo hannuna mu je. Ya zare sandar ya miƙo mini ƙarshenta ya ce, "Taɓa ka gaya mini." Idan da zafi da danshi, sai ya gyaɗa kai ya mayar. Idan ta fito da sanyi tun lokaci bai yi ba, ya ce a juya a ƙara kashin shanu. Idan ta fito da farin fumfuna a bushe, a yayyafa ruwa. Idan ta fito da yauƙi da wari, ruwa ya yi yawa, a buɗe a ƙara kara. A sanyin nan na Disamba da ke sa yatsu su ƙage, ranar juyi idan shebur ya shiga tsakiyar tulin, tururi ne ke tashi ya dumama fuska, kaji na zagaye da mu suna jiran gwazarma. Daga ramin farko a juye zuwa na biyu bayan 'yan makonni, daga na biyu zuwa na uku, na farko ya karɓi sabon ɓawo. 'Ya'yan kofin da suka yi baƙi da cuta ko suka taso saman ruwa wajen wanki, Kawu ya ce kada a jefa su a gefe, a tura su can tsakiya inda zafin ya fi ƙarfi.

Wata uku zuwa huɗu abin ke ɗauka, daidai da saukar ruwan fari wajajen Maris ko Afrilu. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ka gane ɓawo daga kara, ƙamshinsa kamar na ƙasa a ranar ruwan fari. Duk da haka Malam bai yarda da ido da hanci kaɗai ba, tun abin da ya sami fangalin Inna. Sai ya cika gwangwanin madara da takin, ya dasa ƙwayar wake huɗu ko biyar, ya ajiye a bakin ƙofarsa. Idan suka fito kore shar suka miƙe, ya ɗauki gwangwanin da kansa ya kai ƙofar ɗakin Inna ya ajiye, ya yi gyaran murya ya wuce. Wannan ne izinin kwasa. Ban taɓa jin sun yi maganar tsiron da ya mutu ba, amma kowace shekara sai gwangwanin nan ya je ƙofarta.

Akwai kuma busasshen ɓawo, na manoman da ba su da inji, masu shanya kofi da fatarsa sannan a surfe. Shi ba ya saurin ruɓa. Malam yakan sa a shimfiɗa shi a garken awaki ya sha fitsari da kashi na wasu watanni kafin ya shiga rami, sauran kuma a rufe gindin ayaba da fiya da shi don riƙe danshi da danne ciyawa, amma a ja shi baya kada ya taɓa jikin itacen.

Ba kowa ya ga hikimar abin ba, kuma ba na ganin laifinsu. Zamanin takin gwamnati ne. Tun shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na Shagari a 1980, takin zamani ya yi araha ƙwarai saboda rangwame, mutum ya barbaɗa hannu guda ya ga masara ta yi duhu cikin mako biyu. Wa zai tsaya juya juji wata huɗu? Malam bai ƙi takin zamani ba, Baba na sayen buhu yana sa wa masara. Abin da yake cewa shi ne farin taki shuka yake ciyarwa, baƙin taki kuma ƙasa. Na daɗe ina auna maganar nan, kuma a ƙasa irin ta Mambila na tabbata gaskiya ya faɗa. Jar ƙasar tudu da ma tana da tsami, ruwa kuma yana sauka wata bakwai ko takwas yana wanke ta. Yuriya tana ƙara mata tsami idan aka yi ta zubawa shekara bayan shekara, kuma ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen abu a cikinta ba ta iya riƙe abin da aka ba ta. Lambun Inna, da yake kan gangare kamar na kowa, a hankali ya koma baƙi, fartanya na shiga ba wuya, ruwa na nutsewa maimakon ya gudu da ƙasa.

Sai duniyar kofi ta juya. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, farashi ya koma hannun kasuwa. A watan Yulin 1989 kuma tsarin rabon kaso na yarjejeniyar kofi ta duniya ya wargaje, farashi ya faɗi warwas, daga Burazil har Habasha har ƙauyukan da ke tsallaken iyakarmu a Kamaru. Mu ba mu san da wata yarjejeniya ba. Abin da muka gani shi ne buhuna jibge a shagon Baba ba mai tambaya, da manoma da ke sare kofin da iyayensu suka dasa suna maye gurbinsa da masara da bishiyar turare. Jarin Baba ya karye. A shekarun nan lambun bayan gida ne ya riƙe mu. Dankalin Turawa da kabeji da karas da Inna ke nomawa a ƙasar da ramukan Malam suka gina, su ake loda wa motocin da ke gangarawa Serti da Jalingo, da kuɗinsu aka biya mini makarantar sakandare, aka aurar da yayata. Malam bai daɗe bayan haka ba Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Da aka janye rangwamen taki a 1997, maƙwabtan da suka taɓa yi masa kallon tsoho mai son wahala suka riƙa zuwa suna tambayar ƙanena yadda ake jera ramin. Sai dai a lokacin ɓawon kansa ya yi ƙaranci, don bishiyoyin sun ragu.

Shekaru da yawa bayan haka na karanta labarin wani gwaji da aka yi a kudancin ƙasar Kosta Rika, wanda masu bincike Rebecca Cole da Rakan Zahawi suka wallafa a 2021. A 2018 sun sa an juye tifa 30 na ɓawon kofi a kan wani fili mai mita 35 da 40, tsohuwar makiyaya da ciyawa ta mamaye, har kaurinsa ya kai kusan rabin mita, suka bar wani fili irinsa a gefe ba a taɓa ba. Bayan shekara biyu, inuwar bishiyoyi ta rufe kashi 80 cikin 100 na filin da aka zuba wa ɓawo, ɗayan kuwa kashi 20, kuma bishiyoyin na farkon sun ninka tsayi sau huɗu. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗanye suka zuba shi, da gangan. Wutar nan da ta kashe kabejin Inna ita suke so, ta shaƙe ciyawar da ta hana daji dawowa, idan ta mutu kuma irin da iska da tsuntsaye suka kawo ya sami ƙasa mai kyau. Da Kawu yana raye na karanta masa, na san ba zai yi mamaki ba.

Shi ya sa raina ba ya daɗi idan na ga ana yaɗa wa mutane a waya cewa su kwashi diddigar kofin da aka dafa su zuba a tukunyar fure ko gindin barkono kai tsaye. Gaskiya ne diddigar tana da naitirojin kusan kashi 2 cikin 100, kuma tsaminta ya ragu don ruwa ya tafi da mafi yawansa. Amma wani bincike da aka wallafa a 2016 daga birnin Melbon na Ostireliya ya gwada ta ɗanya a kan shuke-shuke iri biyar, duka kuma girmansu ya ragu. Idan ta bushe a saman ƙasa takan yi ɓawo mai hana ruwa shiga. Mai son amfani da ita ya haɗa ta da busasshen ganye da kashin dabba da 'yar toka, kada ta yi rinjaye a tulin, ya bar ta ta ruɓe, sannan ya gwada da wake a gwangwani. Mafi yawan kofin da ake sha a teburin mai shayi ma ai Nescafé ne, mai narkewa, diddigarsa tana can masana'anta. Abin da mai shayi ke zubarwa kullum, ganyen shayi da ɓawon ƙwai, shi ya kamata masu lambu a gari su riƙa karɓa.

Ƙanena yana nan a gidan har yanzu, kuma ramukan suna aiki, ko da yake ya matsar da su ya ƙara biyu. Manoman da suka riƙe kofinsu ba sa ba da ɓawo kyauta kuma, wasu ma ba sa bayarwa sam, gonarsu suke mayar da shi, kuma ina ganin hakan ya fi. Shi sai ya yi ciniki da su tun kafin kaka, baro kaza a kan kwandon dankali kaza. Da bai isa ba, ya fara cikawa da garin katako daga masu yankan turare, muka yi ta gardama a kai, don na san garin katako yana jan abincin ƙasa kafin ya ruɓe, na turare kuma ya fi taurin kai. Mun tsaya a kan zai fara shimfiɗa shi a garken awaki tsawon damina guda, ya ware masa rami ɗaya daban, kuma ba zai kai shi lambu ba sai waken gwangwani ya fito.